Saƙonnin da Mai Rariya Ya Riƙe Mini

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sanarwar rasuwarka ta shigo akwatin imel na kowane ma'aikacin jami'armu. Layi huɗu ce kacal, cewa jami'in kula da saƙonni na sashen kwamfuta ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana biyar, za a yi jana'iza bayan la'asar. Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, mu ma duk hanyar ke nan. Sai da na karanta sau biyu kafin na gane wa ake nufi, domin sunanka na takarda suka rubuta, mu kuwa shekara da shekaru Malam Mai Rariya muka san ka.

Da yawa daga cikin waɗanda suka karanta sanarwar ba su taɓa ganin fuskarka ba, alhali kullum suna cin moriyar aikinka. Kai ne ke tsaye tsakaninmu da tarkacen saƙonnin da ke kwararowa akwatunan malamai da ɗalibai: mai cewa ka ci mota a gasar da ba ka shiga ba, mai cewa akwatinka ya cika, maza ka danna nan ka rubuta kalmar sirrinka, da mujallun bogi masu kiran kowa babban masani. Na'ura ce ke tacewa. Duk saƙon da ta yi zargi sai ta jefa shi wani wuri da kake kira ɗakin jira, ya yi kwana talatin, in ba wanda ya fito da shi ta goge shi har abada. Abin da ya bambanta ka shi ne ba ka taɓa sakar wa na'urar ragama ba. Ƙarfe bakwai saura na safe kana ofishinka na ƙarshen baranda, mai ƙofar ƙarfe da sanyin da ake bai wa injuna, sanye da rigar sanyinka ruwan toka mai ɓallen maɓalli, flas ɗin shayi a gefe, kana bin ɗakin jira layi-layi. Abu uku kawai kake dubawa: wanda ya aiko, kan maganar, da yawan mutanen da aka aika wa. Ciki kuwa ba ka buɗewa, ka ce wasiƙar mutum kamar ɗakin kwanansa ce.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba, kuma laifina ne. Ni malama ce a sashen kimiyyar ƙasa, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ina da saurin hawa. Amsar wata mujalla da na yi wata huɗu ina jira ta maƙale a ɗakin jira kwana biyu, na sauko ofishinka na zazzage maka kwandon masifa a gaban abokan aikinka. Ka bari na gama tsaf, ka jawo mini kujera, ka ce, "Dakta, rariya ce. In na tsananta ta, gari ya maƙale. In na sassauta, dusa ta wuce. Shi ya sa nake bi da ido." Daga nan ka fito mini da saƙon, ka taya ni murna tun kafin in buɗe, wai kan maganar ya yi kama da na albishir. Na fita ina jin kunyar da ban saba ji ba.

Ba ni kaɗai ka rufa wa asiri ba. Akwai wani farfesa, wanda ba zan faɗi sashensa ba, da ya miƙa kalmar sirrinsa ga 'yan damfara, kafin azahar akwatinsa ya aika wa rabin jami'a tallar maganin ƙiba. Ya zo maka gumi sharkaf. Ka gyara masa, ka raka shi har bakin ƙofa kana cewa kai ma an taɓa kama ka da irin wannan tarko. Har yau ban yarda an taɓa kama ka ba. Ɗalibai kuwa, Allah kaɗai Ya san yawan takardun gurbin karatu da na kiran ganawa da ka tsamo musu daga bakin gogewa, su ba su ma san sun kusa rasa su ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma yau ne karon farko da nake faɗarsa a fili.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙasar waje, saura kwana shida in kare digirina na uku. Yayana, wanda ya yi jinyarta, ya ɓoye mini. Kullum na kira sai ya ce tana barci, ko likita yana ciki. Sai da na fito daga ɗakin jarrabawa ina tsalle, na kira in yi mata albishir, sannan ya faɗa mini an binne ta tun ranar Juma'a. Ban yafe masa ba. Na toshe lambarsa, na daina zuwa duk taron da zai je, dangi suka yi magana har suka gaji. Da ya fara rubuto mini ta imel ɗin jami'a, na sauko ofishinka na miƙa maka adireshin a 'yar takarda, na ce ɗan damfara ne ya dame ni, ka toshe shi. Ka toshe, saƙonninsa suka riƙa zarcewa ɗakin jira.

Bayan kusan wata guda ka hawo ofishina da kanka, kai da ba ka son matakala saboda gwiwarka. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce, "Dakta, adireshin nan ya aiko saƙo huɗu, gobe na farko zai goge. Ban buɗe ba. Amma na daɗe a aikin nan, ɗan damfara mutum dubu yake aika wa lokaci guda. Wannan ke kaɗai yake rubuto wa."

Na ce, "Malam, a bar su su goge."

Ka ce, "Akwatinki ne, maganarki ce gaba. Izini ɗaya nake roƙo. Ba zan buɗe ba, ba zan turo miki ba. Ki bar ni in riƙe su kawai."

Na ce ka yi yadda ka ga dama, na juya ga takarduna ko sallama ban amsa maka ba. Daga ranar ba ka ƙara tayar mini da maganar ba. Mun haɗu a baranda, a wurin ajiye motoci, a tarurruka, ka tambayi aiki ka tambayi gida, ka wuce. Na ɗauka an daɗe da gogewa, kuma na sha gaya wa kaina hakan ya fi mini kwanciyar hankali.

Ranar ashirin da takwas ga Afrilu, bayan rasuwarka da kwana goma sha tara, injiniyar da kuka zauna ofis ɗaya shekara tara ta ƙwanƙwasa ƙofata, riƙe da wani littafinka mai baƙin bango. Ta bayyana mini abin da ban sani ba, cewa na'urar ba ta yarda a riƙe saƙo fiye da wata guda, sai mutum ya shiga ya sabunta da hannu. Ta buɗe mini shafin da sunana yake. A ƙarƙashinsa alamomi ne jere da jan biro, ɗaya a farkon kowane wata, guda arba'in da uku. Ta ƙarshe ɗaya ga Afrilu ce, kwana uku kafin a kwantar da kai. A gefen shafin ka rubuta da ƙananan baƙaƙenka: "Nata ne. Kada a buɗe, kada a bari su goge."

Ta ce, "Dakta, jibi wa'adinsu zai cika. Shi ya samu izininki, ni ban samu ba. Me zan yi da su?"

Na daɗe ina kallon jan biron nan. Shekara uku da wata bakwai, wani bawan Allah da ban haɗa komai da shi ba, wanda na taɓa ci wa mutunci a gaban mutane, yana tashi kowane farkon wata ya hana fushina cika aikinsa. Na ce mata ta sake su.

Saƙo hamsin da ɗaya suka shigo a jere. Na soke darasin yamma, na kulle ƙofa, na karanta su tun daga na farko. Na yi zaton kare kai zan tarar, sai na ga Yaya kwanakin mahaifiyarmu na ƙarshe ya rubuta mini, ɗaya bayan ɗaya: abin da ta iya haɗiyewa, yadda ta sa aka juya gadonta ya fuskanci taga, yadda take ƙirga kwanakin jarrabawata da yatsu tana kuskure ana gyara mata. Sai a saƙo na goma sha bakwai ya faɗi abin da ya riƙe a ransa, cewa ita ce ta kama hannunsa ta ce kada wanda ya gaya mini sai na fito. Ya ce ya yi shiru a baya ne don gara in yi fushi da shi da in yi da ita. Sauran saƙonnin labarin gida ne, har da haihuwar 'yarsa da ya sa wa sunan mahaifiyarmu, wadda yanzu take gudu da ƙafafunta ban taɓa ɗaukarta ba. Abin da na fi buƙata a duniya ke nan, kuma kowane wata saura ƙiris ya salwanta da umarnina. Na yi kuka, Malam, na mahaifiyata da na Yaya, da naka, domin babu sauran hanyar da zan sauko ƙarshen baranda in ce na gode.

A daren ranar na buɗe lambar Yaya na kira shi. Asabar da ta wuce muka je yi wa iyalinka gaisuwa, ni da shi. Maiɗakinka ta gane ni, ta dube shi ta ce, "Wannan fa? Abokin aikinsu ne?" Na ce, "Yayana ne." Rabona da furta kalmar nan a gaban mutane har na manta. Shi da bai taɓa ganinka ba ya fi kowa daɗewa hannu a sama yana yi maka addu'a.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka da ke zaune yanzu kusa da kujerar da rigar sanyinka ke rataye. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya albarkaci bayansa. Ku sani mahaifinku ya yi abubuwan da bai taɓa ba ku labarinsu ba, kuma masu shaida muna nan.

Kai kuma Malam Mai Rariya, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Saƙon Yaya na hamsin da biyu ya iso jiya da safe, kai tsaye, kuma na amsa shi. Ina roƙon Allah Ya goge kurakuranka gaba ɗaya, alherinka kuma Ya riƙe maka shi yadda ka riƙe mini nawa, kada ko ɗaya ya ɓace har ranar da za ka buƙace shi. Amin.