Ranar da Na Motsa Baki Kawai

Mu huɗu muka gama kwalejin koyon sana'a a Filato, muka sauka Kano da akwatunan ƙarfe. A makaranta mu ne mawaƙan zumuncin ɗalibai Kirista, ni ke riƙe babbar murya. Ukun suka sami aikin ofis a Bompai, ga fanka ga shayi. Ni kuwa rabona ya faɗa wata masaƙa a Sharada, cikin ɗakin injinan saƙa.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun riƙe ni. Jagoranmu a waƙa, ɗan Kudancin Kaduna, shi ya raba katifarsa da ni kafin in kama ɗaki. Da babana ya rasu, su ukun suka raka ni har ƙauye, suka yi waƙa a bakin kabari lokacin da ni na kasa buɗe baki. Shi ya sa abin yake ci na har yau.

A ɗakin saƙa ba a jin magana, ƙara ce tun daga shiga har fita. Mukan cusa auduga a kunne, amma ina! Duk wanda ya daɗe a wurin sai ya iya karanta leɓe. Wani dattijo ɗan Nijar da ke injin kusa da nawa yakan ce min zare ya tsinke daga can nesa, in gane sarai. Ashe kunnena yana mutuwa a hankali, ni ban sani ba. Na dai lura in muna waƙa a coci abokan nan nawa uku sukan saci kallon juna.

Da auren jagoranmu ya matso, muka dage da koyon waƙar da za mu yi masa. Wata Asabar na je bakin ƙofar coci shan ruwa a randa, na waiwayo, sai na hango su sun haɗa kai. Ban ji komai ba, amma na ga komai.

Ɗaya ya ce, "Yana ɓata mana waƙa."

Ango ya ce, "Ai tun bara kunnensa ya tafi. Kada wanda ya gaya masa, zai ji ciwo. Mu dai sa shi a addu'a."

Tun bara! Haba, 'yan'uwa a cikin Ubangiji! Da tun bara wani ya ja ni gefe ya ce min in je a duba kunnena, da na roƙi a canza min sashe, da wataƙila na tsira da rabinsa. Suka zauna suna tausaya min a ɓoye, ni kuma kullum ina komawa cikin ƙarar nan. Na ji haushinsu, har yanzu ma ina ji. Na ajiye moɗa na koma cikinsu.

Ranar auren na sa kwat ɗina, na tsaya a layi inda na saba tsayawa. Daga farkon waƙar har ƙarshenta ban fitar da sauti ko ɗaya ba, baki kawai na riƙa motsawa. Coci ya ɗauki tafi da guɗa.

Da aka tashi, ango ya ratso jama'a ya rungume ni, idonsa cike da ƙwalla. Ya riƙe kafaɗuna ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya amsa addu'armu. Yau ko sau ɗaya ba ka kuskure ba."