Malam Inuwa Zailani da Waƙar "Wata Ya Tsaya"

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Inuwa Zailani a shekarar 1903 a Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya. Mahaifinsa Malam Abdullahi shi ne limamin masallacin unguwa, sunan mahaifiyarsa Ramatu. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku, ya shiga karatun littattafai a zauren mahaifinsa, inda aka shaide shi da kaifin basira da kuma wani hali guda: ba ya iya jure a yabi wani a gabansa.

Sana'a da Aure

Kamar yawancin 'ya'yan malaman birni, ya haɗa karatu da ɗinkin manyan riguna. A shekarar 1925 ya auri Ummukulsum, 'yar wani marini daga Gyallesu. Da mahaifinsa ya rasu a 1938 limanci ya koma hannun baffansa, kuma kowa ya ɗauka Inuwa ne zai gaje shi.

Asalin Waƙar

A azumin shekarar 1951 aiki ya yi masa yawa, masu riguna suna ta sintiri a zaurensa, shi kuwa ya tsara wasu baitoci yana zolayar kansa, waɗanda farkonsu ke cewa: "Wata ya tsaya, allura ba ta tsaya ba; mai riga yi haƙuri, je idi da ta bara." Baitocin sun yi masa daɗi ƙwarai, ya kasa barin su a zaure, amma ɗan gidan malamai mai jiran limanci ba ya waƙar kiɗa, abin kunya ne babba. Saboda haka ya kira Audu Bahago, makaɗin kalangu na mahauta, ya koya masa su, sa'annan ya sa shi ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai taɓa faɗa wa kowa wanda ya yi waƙar ba.

Ranar Sallah Audu ya sake ta a bakin kasuwa. Kafin la'asar 'yan mata sun ɗauke ta zuwa dandali, kafin Sallar Layya ta kai Tukur-Tukur da ƙauyuka, har ya zama duk shekara da zarar an ga wata ita ake fara ji.

Shekarun Ƙunci

A shekarar 1954 baffansa ya rasu, dattawan unguwa suka naɗa ɗan marigayin, Malam Inuwa ya tashi babu limanci babu waƙa. A 1955 wasu mutane daga Ikko suka ɗauki muryar Audu a faifan garmaho, suka rubuta sunansa a kai. Audun da bai san bihim ba! Wani ɗan tireda da ke daura da zauren ya sayi faifan, yana sa shi safe da yamma, Malam Inuwa yana ji yana soke yatsa da allura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne rigar da wani attajiri ya sa shi ya ɗinka, ya yi wata biyu a kanta, ranar idi ya gan ta a jikin Audu, tukuicin waƙa.

A shekarar 1957 haƙurinsa ya ƙare, ya bayyana a gaban jama'a bayan sallar la'asar cewa waƙar tasa ce. Aka yi dariya, aka kira Audu, ya ce shi akwai rantsuwa a kansa, ba zai ce uffan ba. Malam Inuwa ya bi shi har gida, ya ce ya yafe masa, ya ciyar da miskinai goma a matsayin kaffara ya faɗi gaskiya. Audu ya durƙusa da ladabi ya ce shi jahili ne, yana tsoron Alƙur'ani ya ci shi. Ko tsoron ne, ko daɗin suna ne, Allah ne masani. Tun daga ranar aka riƙa nuna Malam Inuwa a unguwa ana cewa ga mai hassadar Bahago.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen azumin shekarar 1959 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar unguwa. Sadakar uku ta faɗo ranar Sallah, kuma da aka buɗe gafakarsa aka sami baitocin a wata takarda, a rubuce da ajami, da hannunsa, da kwanan watan azumin 1951. Har yau ana rera su kowace Sallah da sunan waƙar Bahago. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar matarsa Ummukulsum da 'ya'ya huɗu: Batulu, wadda ta ga takardar da idonta; Mariyamu; Barira; da babbansu Malam Abdullahi, wanda ya karanta ta, ya ce kada a ji mahaifinsu da waƙar kalangu, ya jefa ta a murhu.