Tarihin Kakanmu da Mutum Biyar Suka Rubuta

Shekarun baya, da kakanmu ya rasu a Kafanchan, dangi suka ɗora wa mutum biyar rubuta tarihinsa da za a buga a takardar jana'iza. Ni aka miƙa wa biro, wai ni ce malamar makaranta. Har da ɗaga kai na yi, ban san abin da na ɗauko ba.

Kwana huɗu gare mu. Na rubuta shafi ɗaya na tura musu ta waya. Ko abinci ban gama ci ba kawuna ya kira daga Kachia, wai ina batun gonar citta? Na saka. Gwaggona ta ce ai dattijon ikilisiya ne, da baftismarsa za a fara, ba da aikin reluwe ba. Na juya. Yayana na Abuja ya goge inda na ce yana da zafin rai, ya rubuta "mai haƙuri kamar Ayuba". Mutumin da ya taɓa bin akuyar maƙwabci da sanda har bakin kasuwa. Na biyar ɗinmu kuwa ko harafi bai rubuta ba, sai dai kowace safiya ya tambaya ina muka tsaya.

Shekarar haihuwarsa kaɗai ta cinye mana yini guda. Shafi ɗaya ya koma bakwai, mai buga takarda kuma ya ce in Laraba ta wuce mu nemi wani.

Ran nan na hau acaɓa zuwa wurin kakata, matar marigayin, na karanta mata ina fassarawa da yarenmu. Tana ta ɓarar gyaɗa har na kai aya. Sannan ta ce, "Allah ya ba wannan mutumin kirki hutu. Mijin wa ne?"

Ta sa na zauna. Ta ce in rubuta cewa yana da faɗa, baƙo bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, kuma shekara hamsin yana rera waƙar coci ba daidai ba. Na rubuta, na miƙa wa mai bugawa ban nuna wa kowa ba.

Gwaggona ba ta amsa gaisuwata ba sai da Kirsimeti. Har yau in na tuna raina yakan ɗan ɓaci, don duk cikinmu biyar babu wanda ya yi tunanin fara tambayar matar da ta zauna da shi. Ni ma sai da na rasa yadda zan yi sannan na je wurinta.