Abin da Pindar Ya Binne

Ni dai ban taɓa sakin jiki da mutumin da ba ya surutu ba, Pindar kuwa sai ya yini a gabanka bai ce maka uffan ba. Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki a gida ɗaya cikin barikin Yerwa, wato Maiduguri, ni ina kuku, shi yana gadina mai kula da lambu. Mutumin Biu ne, gajere, mai faɗin tafin hannu. A motar gyaɗa ya shigo Maiduguri, ya yi leburanci a inda ake rainon darbejiya, har Baturen gandun daji ya ga yadda yake riƙe tsiro, ya ɗauko shi gidansa a 1952. Iyalinsa suna can Biu, sau ɗaya yake leƙa su a shekara, lokacin girbi.

A shekarar nan ce matar Baturen ta dawo daga Kudu da wata 'yar bishiya a cikin garwar kananzir. Ba dabino ba ce, ba giginya ba, ko da yake ta ɗebo kamarsu. Gindinta kamar an kife ƙwarya, ganyenta dogaye masu tauri, da ƙaya a baki-baki. Uwargida ta faɗi sunanta da Turanci, ba wanda ya riƙe. Ta sa Pindar ya dasa ta daidai tagar kicin ɗina, saboda haka ko ina so ko ba na so, ita nake gani in na ɗaga kai daga tukunya.

A garin nan da darbejiya ake auna gadina. Ka dasa ta bana, damina biyu ta wuce kanka, ta uku ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Waɗanda Pindar ya dasa a bakin shinge ba su daɗe ba suka wuce rufin gida, kuma ko waiwayarsu ba ya yi. Amma wannan 'yar guntuwar, har kogin Ngadda yake zuwa ya ɗebo mata yashi a ka. Ruwa garwa ɗaya yake ba ta bayan kwana uku, ba ƙari ba ragi. In zafi ya tsananta ya kafa mata zana, in ƙura ta hau ganyen ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ita kuwa tana nan yadda take, sau ɗaya rak take fitar da sabon ganye a shekara, wata shekarar ma ta ƙi.

Wata rana, bayan ta shekara bakwai tana nan iya gwiwata, na kasa daurewa.

"Wai Pindar, yaushe abin nan zai girma?"

"Tana girma, Malam Nasidi. Bana ta ƙara yatsa biyu."

"Yatsa biyu! A shekara guda?"

"Uwargida ta ce akwai wadda ta kai tsawon mutum uku. Sai dai ta yi shekara ɗari da wani abu."

"To kai za ka gani?"

"A'a."

"Ɗanka fa?"

"Wataƙila jikan jikana," in ji shi, ya ci gaba da goge ganye.

Daga ranar zuciyata ta ƙi amsar nan. Bishiya ba inuwa, ba 'ya'ya, ba magani, ko makamashi ba za ta yi ba, mutum kuma da hankalinsa ya ƙare a gindinta? Ni Bakano ne, ban taɓa ganin wanda yake wahala haka kawai ba. Sai na lura da wani abu: sau uku ana canza Bature a gidan, kowanne ya zo sai ya sallami wasu ma'aikata, amma Pindar ko gezau. Ban tsaya na tuna cewa ni ma ba a sallame ni ba. Na dai yanke a raina cewa akwai abin da ya binne a gindin nan don ya kafe kansa a gidan, shi ne ya daƙushe bishiyar, shi ne kuma Pindar yake gadi. Na faɗa wa Ya Kellu, mai kawo mana banda daga kasuwa, na ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin Juma'a maganar ta kai har unguwar Abbaganaram.

A 1961 Turawan suka tashi, aka ba Malam Garzali gidan, wani babban ma'aikaci mutumin garinmu. Mutum ne mai sauƙin kai, bai damu da zancen ba sai ana gab da Babbar Sallah ta 1963. Ragon layyarsa ya tsinke igiya, ya ci ganyen bishiyar nan biyu. Bayan kwana uku sai ga shi yana jan ƙafafun baya. Aka yanka shi kafin ya mutu, aka binne naman don ba mai iya ci.

Gaskiyar da ban faɗa ba a lokacin ita ce, tun ranar da aka kawo ragon Pindar ya same ni a kicin ya ce in gaya wa Maigida a ɗaure shi nesa, ganyen nan guba ne ga dabba. Na ce to, ban isar ba. Na ɗauka so yake kawai a nisanci wurin.

Malam Garzali ya kira ni falo. "Nasidi, kai ka daɗe a gidan nan. Mece ce gaskiyar bishiyar nan?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ban ga komai da idona ba," na ce. "Amma a tona a gani, kowa ya huta."

Washegari da safe ya sa aka kira Pindar. "Baba Pindar, ba zarginka nake ba, amma magana ta yi yawa. A tone gindin nan."

Pindar ya ce, "Ranka ya daɗe, in an taɓa saiwarta cikin zafin nan za ta wahala. A bari ruwa ya sauka tukuna."

"Kafin nan ai an kwashe abin da ke ciki," na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ya juyo ya dube ni. Bai yi fushi ba, kallon mamaki ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Aka kawo leburori biyu da diga, Pindar ya hana su. Ya durƙusa da kansa, da hannunsa da wani karyayyen cokali, yana janye yashi kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke saiwa. Tun hantsi yake yi har la'asar, rana tana dukansa. Masu aikin maƙwabta suka cika bakin shinge, Ya Kellu ta ajiye kwandonta ta zauna.

Can ƙasa cokalin ya bugi wani abu, wurin ya ɗauki salati. Tsingaron tukunya ne, wajen guda ashirin, an jera su. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Pindar ya ce shi ya shimfiɗa su ranar dashe, don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Ya Kellu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa tana neman rubutu. Babu rubutu, babu laya, babu ƙaho. Daga yashi sai saiwoyi a waje suna shan rana.

Malam Garzali ya ji kunya ƙwarai. Ya ce a mayar da ƙasa, ya ba Pindar haƙuri a gaban mutane. Pindar ya ce ba komai. Ya jera tsingaronsa, ya rufe, ya zuba ruwa. Ya ƙarasa watan kamar yadda ya saba, sannan ya ce zai koma Biu. Maigida ya yi ta lallashi, Pindar ya ce shi dai ya gama. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar kicin da ƙunshin kayansa a ka.

"Malam Nasidi, garwa ɗaya, bayan kwana uku. Kada ka zuba mata ruwan wanke-wanke."

"Me ya sa ni?" na ce.

"Kai ka fi kowa kallonta."

Na ci gaba da ba ta ruwa yadda ya ce. Shekara huɗu ba ta fitar da ko ganye ɗaya ba, tsofaffin ma suka yi ta bushewa har saura uku. Sai a daminar 1967, wata safiya, na ga sababbi tara sun miƙo daga tsakiya, masu laushi. Ko karin kumallo ban ɗora ba, na nufi tasha wurin Manasse, wani direba da yake bin hanyar Biu, na ce ya kai wa Pindar labari. Manasse ya cire hularsa, ya ce ai an binne Baba Pindar tun girbin bara.

Na daɗe tsaye a tashar nan. Duk shekarun nan na san ya kamata in je Biu in roƙe shi gafara, in gaya masa maganar ragon. Jira nake ta yi ganye tukuna, don in sami abin da zan fara masa magana da shi.