Shafi Huɗu Daga Zariya

Sahabi mutumin Wagini ne, malamin gona, dogo mai tafiya a hankali kamar yana sauraren wani abu daga nesa. Shekarar da aka samu mulkin kai aka ɗauke shi aiki, aka ba shi keke da ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana.

A zamanin akan kawo akwatin littattafan aro daga Katsina, ya yi wata uku a Batsari a mayar. A ciki akwai wata mujallar noma mai koren bango, wadda ake bugawa a ƙasar waje. Sahabi bai taɓa ƙoshi da ita ba ake karɓewa. Idan yana kan keke tsakanin gonakin gero, sai ya riƙa ganin wani ɗaki a zuciyarsa, mujallu jere a kan kanta, duk nasa, ba mai zuwa ya ce a maido.

Da kuɗin man fetur suka shigo aka ƙara wa ma'aikata albashi, abokansa suka sayi babura. Shi kuwa ya tafi gidan waya ya biya kuɗin mujallar na shekara biyu, ya sa kafinta ya buga masa kanta.

"Malam, wannan takardar magani ce?" in ji matarsa Bara'atu.

"Ta fi magani," ya ce.

Mujallun suka fara zuwa, amma sai sun yi wata bakwai a hanya, wasu ma ba sa isowa. Yakan shinshina su, ya ce yana jin ƙanshin teku, shi da bai taɓa ganin teku ba. Galibin abin da ke ciki labarin alkama ne da shanun ƙasashen sanyi. Duk da haka yakan kakkaɓe su kowace Juma'a.

Wata kaka ƙwari suka faɗa wa waken mutanen ƙauyen Zakka a rumbu. Wani dattijo, Mati, ya kawo masa wake cike da hula, kowace ƙwaya da huda.

"Malam, ka ce akwai ilimi ɗakinka. To, ga shi."

Sahabi ya kwana uku yana buɗe mujallunsa. Abin da ya samu layi ɗaya ne a ƙasan wani shafi, mai cewa an yi bayanin ajiyar wake a wata mujalla dabam, wadda ba shi da ita, kuma albashinsa ba zai iya ɗaukarta ba. Ya zauna gaban kantar, ya ji kamar ya gina rijiya a inda ba ruwa.

Cikin ƙarfin hali ya rubuta wasiƙa zuwa wani babban laburare a Zariya, yana tambayar ko za su sayar masa. Bayan mako uku amsa ta zo daga wani ma'aikaci, Malam Lawal: "Ba ma sayarwa, kuma ba sai ka mallaka ba. Muna da na'ura mai ɗaukar hoton shafi. Aiko da kuɗin takarda da kan sarki kawai."

Shafi huɗu suka iso, baƙi-baƙi, da inuwar yatsan wanda ya danne littafin a gefe. Sahabi ya karanta wa mutanen Zakka a gindin tsamiya, yana mayarwa da Hausa: a shanya wake ya bushe ƙarau, a cika duro, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Da bazara Mati ya buɗe nasa, wake ya zubo fes.

Sahabi bai sabunta kuɗin mujallarsa ba. Ya kai waɗanda ya tara makarantar Safana. Daga nan duk abin da ya shige masa duhu, sai ya rubuta wa Malam Lawal. Wani lokaci kuɗin aikawa kan yi nauyi, ya haƙura sai wata ya ƙare. Shekara goma sha ɗaya suna haka ba su taɓa ganin juna ba. Yatsan nan kaɗai ya sani, kuma daga shi yake ƙera wa mutumin fuska, yau da gemu, gobe babu.

Wata ranar kasuwa da la'asar, motar Katsina ta sauke wani gajeren tsoho da jaka, yana tambayar gidan malamin gona.

"Ni ne Lawal na Zariya. Na yi ritaya," ya ce bayan sun daɗe suna gaisawa. "Shekaru ina aika takardu garuruwan da ban sani ba. Na ce bari in ga ɗaya."

Washegari suka tafi Zakka. Malam Lawal ya tsaya a tsakar gidan Mati yana shafa duro. Mata suka leƙo suna kallon baƙon da aka ce shi ke aiko da ilimi. Aka kawo ɗanwake da man gyaɗa, ya ci har ya nemi ƙari.

Kwana biyu ya ce zai yi, ya yi tara. Kullum da yamma su biyun sukan hau wani dutse bayan gari, su zauna suna kallon shanu na dawowa daga kiwo.