Shuɗiyar Gorar Ummi

Mun tashi daga Kano ana sallame asuba, ni da mai ɗakina. Mutum mai shekaruna ba ya ƙetare teku don kallon dogayen gine-gine, aikena aka yi. Ƙanena ya tura 'yarsa ta fari karatu Malesiya, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyarmu ta ci, sai ga shi ta zama 'yar wasan tanis, wai ma sana'arta ke nan, yau tana wannan ƙasa gobe tana waccan. Tun tana sakandare take bugawa, muna ɗauka ƙuruciya ce. Yanzu surutu ya yi yawa a dangi, shi kuma ciwon ƙafa ya hana shi tafiya. A bakin mota ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ka gano mini da idonka. In ka ce ta dawo, ta dawo ke nan, ta ajiye abin nan har abada. In ka ce a bar ta, na bar ta."

Mahaifiyar yarinyar kuwa jaka guda ta cika mana da kuka da daddawa da yaji. Sannan ta ja ni gefe ta damƙa mini wani ƙullin gari mai duhu, ta ce a wurin wani mai magani ta karɓo, na ƙarfin jiki ne da tsarin baki. "Amana ce, Malam. Ka haɗa mata da rubutunka ta sha." Na sa a aljihu, ban tambayi abin da ke ciki ba.

Mun yada zango a Addis Ababa, sanyi ya kama mai ɗakina har ta ciro zanen da za ta kai tsaraba ta lulluɓa. Daga nan muka yi zaman jirgin da ban taɓa yin irinsa ba tun aikin Hajji. Na yi salloli a kan kujera ina lissafin lokaci da agogon da ya riga ya rikice. Ina da wani ɗan littafi da nake rubutu a ciki da ajami, domin hannuna ya fi sakewa a nan, kuma ba kowa ke leƙa mini ba. A shafin farko na rubuta abubuwan da zan sa wa ido: sallarta, suturarta, abokanta, da wanda yake juya ta.

Ummi ce ta tarye mu. Ta rame, ta yi duhu, damtsenta na dama ya fi na hagu kauri kamar na mai sussuka. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, amma na ce a raina gaisuwa ba ta da tsada. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa cikin birnin Kuala Lumpur, hagu da dama bishiyoyin kwakwar manja a jere kamar da igiya aka shuka su. Daga nan muka canza zuwa wani ƙaramin jirgi mai bi ta sama, wanda na duba gaba da baya ban ga direbansa ba. Na yi ta hasbunallahu har muka sauka a Wangsa Maju, unguwar da take haya.

Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa dafa ka yake yi. Bayan azahar hadari ya haɗu, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin la'asar titi ya tsane. Abin da ya fara kwantar mini da rai shi ne allunan wasu tituna da na masallatai, da na ga an rubuta su da baƙaƙen da na sani tun ina gaban malam. Ina karantawa tiryan-tiryan, ko kalma ɗaya ban gane ba. Kowace tasha da kowane babban kanti akwai ɗan ɗakin salla, suna ce masa surau.

A hawa na goma sha huɗu take, ita da wata 'yar Zariya mai karatun digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Suka bar mana ɗaki ɗaya. Da safe Ummi ta kai mu mamak, wato rumfar abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benen. Aka kawo shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da soyayyar gyaɗa da ƙananan kifi da yaji mai zaƙi. Mai ɗakina ta ce wanda ya sa sukari a yaji ba ya tsoron Allah, amma ta cinye tas. Mai shayinsu yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa kamar na bakin kasuwarmu, kofi guda bai kai ringgit uku na kuɗinsu ba. Ummi ba ta taɓa komai ba sai ƙwai da ayaba da ruwan gora da ta ɓalle murfinsa da hannunta. Na lura da wannan.

Kwana uku ina lura. Wani Bahaushe mai kai wa ɗalibai kaya ya kawo zoɓo a ƙulle, ta yi godiya ta ba abokiyar zamanta. Mai ɗakina ta ba ta maganin ciwon kai, ta juya kwalin, ta duba waya, ta mayar. Kullum kafin gari ya waye wata Bamaleshiya mai ɗankwali, wai ita ce kocinta, take zuwa da ƙaramar mota ta ɗauke ta. Na bi su sau biyu. Awa uku tana bugun ƙwallo, da dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ɗaure tam, matar tana yi mata tsawa. Ban kama ta da komai ba, kuma rashin kamawar ya ƙara mini zargi. Na ce wadda take tsoron zoɓon ɗan'uwanta akwai abin da take ɓoyewa a jikinta.

Ranar Alhamis na yi rubutu a farantin tangaran, na wanke, na barbaɗa garin nan, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba, ta ajiye a gabana.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ba zan iya sha ba sai bayan gasa."

"Ayar Allah ce ba za ki iya sha ba?"

"Ba ayar ba ce, Baffa, garin ne. Akwai doka, ana..." Sai ta sunkuyar da kai.

"Ana me?"

Ba ta ƙarasa ba. Na rubuta a littafina cewa ta fifita dokar masu ƙwallo a kan maganar uwarta.

Gasar ranar Asabar ce, ƙaramar gasa ta ƙwararru, a wasu filaye kusa da tafkin Titiwangsa. Na ga yadda take shiri. Tana da wata shuɗiyar gora da take haɗa ruwan gishiri da sukari a ciki, saboda zufa. Bayan asuba ta shiga wanka, gorar tana kan tebur. Na ɗauko sauran rubutun, na ƙara ɗan garin, na juye a ciki na girgiza. Mai ɗakina tana kan sallaya ta ce, "Malam, abin da yarinya ta ce ba ta so?" Na ce amanar uwarta zan sauke, in ya so ta gode mini daga baya.

Filin ba cika ya yi ba, 'yan kallo ba su fi na ɗaurin auren talaka ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun. Da an ɗaga ƙwallo ko tari ba a yi. Alƙaliyar wasa tana zaune a kan doguwar kujera kamar mai gadin gero. Abokiyar karawar Ummi wata doguwa ce daga Tailan. 'Yar Zariya tana gefena tana yi mini fassara, ta ce wasan turmi-turmi ne kamar dambe, wadda ta ci biyu cikin uku ta wuce. Ummi ta jefa ƙwallo sama ta make ta da wani ƙara da sai da na zabura. Ban san 'yar ƙanena tana da wannan ƙarfi ba.

Can gefen ƙofa na hangi wata mata da kati a wuya da takardu a hannu, ba ta tafi, ba ta murmushi, idonta a kan 'yan wasa. Na ce wa 'yar Zariya, "Waccan fa, me take nema?"

"Masu gwaji ne, Baba. Yau suna nan. In an gama sai su zaɓi wadda suka ga dama, su bi ta ƙafa da ƙafa har ban ɗaki." Ta rage murya. "Fitsarinta za su ɗauka, a gaban idon matar. In aka samu wani magani da aka hana, ko da ba ta san ta sha ba, dakatar da ita za a yi, wataƙila shekaru. Shi ya sa ba ta shan abin da ba ita ta buɗe ba. Irin garin nan na gida ma ya fi ba ta tsoro, wasu masu haɗawa suna daka ƙwayar asibiti a ciki don ya yi saurin aiki."

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Haba Baba. Ta dubi idonka ta ce maka fitsari?"

Mai ɗakina ta dube ni. Shuɗiyar gorar tana nan a gindin kujerar Ummi. Ban sani ba ko ta riga ta kurɓa. A daidai nan alƙaliya ta ba da hutu, Ummi ta zauna, ta goge fuska, ta miƙa hannu ta ɗauko ta, ta fara murɗa murfin.

Ni da ko a makaranta ba a san ni da ɗaga murya ba, na miƙe tsaye na ce, "Ummi! Ajiye gorar nan! Kada ki sha!"

Filin gaba ɗaya ya juyo. Alƙaliya ta yi magana a lasifika, ban ji yaren ba amma na gane da ni take. Kocin ta harare ni kamar ta kama ɓarawon takalmi a masallaci. Ummi ta dube ni, ta dubi gorar, ta kai ta hanci. Sannan ta rufe, ta tura ta can ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Da ruwa zalla ta ƙarasa wasan a cikin wannan zafi. Ta ci turmin farko, aka cinye ta na biyu. A na uku jijiyar ƙafarta ta riƙe, tana ɗingishi tana bin ƙwallo, ta ƙi fita. Na san abin da ke cikin gorar nan na asali shi zai hana hakan, kuma ni na lalata shi. Aka cinye ta. Ta je raga ta ba doguwar hannu. Kafin ta ɗauki jakarta matar nan mai kati ta tsaya a gabanta da takarda.

Awa ɗaya da rabi muna zaune a kan benci a wajen ɗakin. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Da ta fito na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Kin sha kafin na yi magana?"

"Ko ɗigo, Baffa. Sai an jima nake fara ta."

"Ni na zuba."

"Na sani. Na ji ƙamshin tawadarka." Ta zauna a ƙasa tana murza ƙafa. "Amma Baffa, ashe kana da murya haka? Har alƙaliya ta tambaye ni ko sabon koci na ɗauko daga Najeriya."

Dariya take, idonta kuwa ya yi ja. Wannan gasa ta yi wata biyu tana jiranta a garin da ba sai ta biya jirgi ba. Na ce ta yafe mini. Ta rufe fuska ta ce in daina, ba kyau babba ya faɗi haka.

Washegari bayan asuba ta ƙwanƙwasa ɗakinmu da sabuwar gorar ruwa, murfinta ko ɓallewa ba a yi ba. Ta durƙusa ta miƙo mini. "Baffa, yi mini tofi a kan wannan. Boleh?" Wato zai yiwu? Na ce zai yiwu mana, addu'a ba ta jiran a buɗe mata murfi. Na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa, ta ɓalle da hannunta ta shanye a gabana.

Sauran kwanakin mun zaga gari. Mun je bakin tafkin da yamma, inda tsofaffi suke tafiyar motsa jiki da takalman gudu. Mai ɗakina ta sayi mayafai, ta kuma ɗanɗana wani ɗan itace mai ƙaya da wari, ta ce ko a lahira aka ba ta sai ta tambayi dalili. A jirgin dawowa na buɗe littafina. Shafi bakwai na zargi, babu layi ɗaya da ya tabbata. Salla ba ta wuce ta ba ko sau ɗaya a idona. A kwana goman nan mutum ɗaya ne ya yi abu a ɓoye a gidan, kuma shi ne mai riƙe da alƙalamin.

Mun sauka Kano da hantsi, ban wuce gida ba sai da na biya wurin ƙanena. Na mayar wa mahaifiyarta ragowar ƙullin, na ce kada a sake aika mata ko da garin kuka ne sai ta tambaya. Na ba su labari duka, har da ihun da na yi. Ƙanena ya ce, "To Yaya, me ka yanke?"

Na ce, "A bar ta. Yarinyar nan ta fi ni sanin abin da take tsarewa. In kuwa dole sai an dawo da wani gida saboda abin da ya aikata a Kuala Lumpur, to ga ni na dawo."