Jan Fenti a Bangon Maman Debby

A layinmu na Makera babu mai kiranta Eunice sai faston cocinsu. Maman Debby kowa ya sani. 'Yar Zonkwa ce, ta zo Kaduna tana amarya tun zamanin soja, lokacin da mijinta Sylvanus yake aikin rini a masaƙa. Farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba masaƙar ta rufe, shi ma hawan jini bai bar shi ya daɗe ba. Ya bar mata 'ya'ya da ɗan gida a bakin rafi. Ni Umar tela, shagona yana kallon ƙofarta, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Masa da kunun gyaɗa take sayarwa da safe. Da aka yi rikicin da ya raba garin nan, 'yan'uwanta sun matsa mata ta koma Sabon Tasha, inda Kiristoci suka fi yawa. Ta ce a nan ta binne cibiyar 'ya'yanta, ba inda za ta.

Da can rafin ba ya cutar kowa. In ya cika sai ya malala cikin fadamar da ke ƙasa da mu, inda ake noman alayyafo da rake, ya huta, sannan ya gangara kogin Kaduna. Sai damina ta canza hali. Ruwan da a da yake yini yana sauka a hankali, yanzu kafin ka gama alwala ya juye gaba ɗaya. Maman Debby ce ta fara tashi tsaye. Ta je ta sami maƙwabciyarta Hajiya Maimuna mai sayar da atamfa, suka tara matan layi. Duk Asabar suna cikin kwata da shebur da manjagara, suna kwashe leda da robobi. Suka cika buhunan siminti da yashi suka jera a gaɓa, suka dasa ayaba da ciyawar jema don ƙasa ta daina zaizayewa. Gida-gida ta bi tana mita har kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa. Ni kaina ta taɓa kama ni na zuba ƙyallaye a kwata.

"Malam Umar, kai ma?" in ji ta. "Wallahi sai ka shiga ka kwashe."

Na naɗe wando na shiga. Shekaru muka yi ruwa bai shiga ɗakin kowa ba.

Sannan wani da siyasa ta yi wa rana ya sayi fadamar. Tifa na bin tifa da jar ƙasa har aka cike ta. Ya gina katafaren zauren biki, ya kewaye da katanga, ya matse rafin cikin ɗan kwalbatin da ko akuya sai ta rusuna ta wuce. Maman Debby ta ja mata suka tafi ofishin masu kula da gine-gine. Aka ba su benci, aka ce za a duba.

Wata ranar Agusta bayan la'asar ruwan ya zo. Ya daki katangar, ya rasa hanya, ya juyo kanmu. Buhunan yashi suka nutse. Ruwa ya kai mini ƙugu a cikin shago. Na hango Maman Debby goye da mahaifiyar Hajiya Maimuna, tsohuwa makauniya, tana keta ruwa da ita zuwa tudu, tandarta ta masa kuwa tana can ƙarƙashin laka.

Bayan 'yan makonni muka ji a rediyo gwamnati ta ce sauyin yanayi ya zo da gaske, za a buɗe duk hanyoyin ruwa a birni, ba sani ba sabo. Mun yi murna. Har Hajiya Maimuna ta raba goro.

Da ma'aikatan gwamnati suka iso, sai suka wuce katangar nan kamar ba su gan ta ba, suka tsaya a bangon Maman Debby suka shafa jan fenti. Haka gidajen da ke jere da nata. Ta fito hannunta duk ƙullu.

"Yallaɓai, me gidan nan ya yi?"

"Mama, kina kan hanyar ruwa," in ji babbansu.

"Ni ce a kan hanyar ruwa? Juya ka dubi bayanka. Wancan fa?"

Bai juya ba. Ya ce, "Wancan yana da izini. Mama, ni ma aiko ni aka yi."

"To ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, mijina ya gina gidan nan tun rafin yana da hanyarsa. Ba ni na tare shi ba."

Ranar da katafila ta zo ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da hoton Sylvanus da Littafi Mai Tsarki, tana kallo aka ture ɗakunan, aka bi ta kan ayaba da jemar da suka dasa, aka mayar da gaɓar fili fetal. Hajiya Maimuna ce ta yi kukan, har da faɗuwa ƙasa. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya, a cikin zauren nan aka yi babban taro a kan yadda birane za su kare kansu daga ambaliya. Manyan motoci suka cika layinmu, mu muna shanya katifu.

Damina ta gaba ruwan ya dawo, ya fi na bara, don yanzu babu saiwar da za ta riƙe gaɓa. Ya cinye rabin tsakar gidan Hajiya Maimuna, wanda rusau bai kai gare shi ba. Ta sayar da sauran ta koma Rigasa. Aikin Asabar kuwa ya mutu, babu mai kiran mutane.

Maman Debby tana Gonin Gora yanzu, a ɗakin haya kusa da 'yarta Debby. Na kai mata ziyara bayan Kirsimeti. Ƙafafunta sun kumbura, ta daina suya. Ta tambaye ni mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya mutu da wanda ya aurar. Na ce ko za ta leƙo mu wata rana, ni zan biya mata mota.

"A'a, Malam Umar," ta ce. "In na ga wurin nan zan yi zagi, kuma ni dattijuwa ce a coci. Ka dai gaida su."